Rigar da Ta Tsaya Mini a Ruwan Norwe

Da misalin ƙarfe shida na safe jirginmu ya kutsa kai cikin mashigin Geiranger, ana tsuga ruwa. Mutane sun yi sammakon fitowa saman jirgi don kada wannan wuri ya wuce su, amma ba a yi minti goma ba sai ga su suna komawa ciki ɗaya bayan ɗaya, wani ya cusa kyamara a ƙarƙashin suwaita, wata tana kokawa da lemar da iska ta juye mata. Suka taru a bayan gilashin falo, gilashin kuwa ya yi raɓa, kowa na goge gabansa da hannun riga. Ni da uwargida da wasu mutum biyar ko shida muka rage a waje. Na ja zif har haɓa, na tsuke igiyar hular rigata, na dafa ƙarfen gefen jirgi na tsaya. A haka duwatsun suka yi ta matsowa, baƙaƙe wuluk, gajimare ya rufe musu kai, sannan matsirgar nan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai ta bayyana, ruwa fari fat yana zubowa layi-layi daga can sama har cikin teku. Babu abin da ya fito daga bakina sai tasbihi. Na kusa awa guda a wurin, kuma da na koma ɗaki na tuɓe rigar, na tarar da kayan jikina a bushe ƙayau kamar yanzu aka kwaso su daga igiyar shanya.

Tun daga ranar nake neman wanda zan ba labarin rigar nan, duk wanda ya zo mini sannu da zuwa sai na ɗauko ta na nuna masa. Rigar ruwa ce ta kamfanin Helly Hansen, samfurin da suke kira Loke, tawa shuɗiya, ta uwargida ja. Na sayi tufafi da yawa a rayuwata, masu tsada da masu araha, amma wallahi ban taɓa sayen tufar da ta biya ni kamar wannan ba.

A Ingila muke zaune, kuma jirgin daga Southampton ya tashi, tafiyar kwana bakwai a watan Yuli zuwa gaɓar yammacin Norwe. Hotunan da ke takardar tallar tafiyar duk rana ce tarwai, da mutane kwance a bakin wurin ninƙaya. Kuma Bahaushe in ya ji an ce lokacin zafi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne bazarar Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Allah Ya saka wa wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin Zariya, da alheri. Ya taɓa yin irin wannan tafiya, da na je yi masa sallama sai ya tambaye ni abin da na zuba a akwati. Na lissafa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ina rigar ruwa? Ka je ka nema tun yanzu, kai da iyalinka, kuma ka nemi ta ƙwarai. Ba a fafe gora ranar tafiya." Na ce, "To Baba, in sha Allahu gobe." Washegari kuwa muka shiga kanti.

Gaskiyarsa. A Bergen, a tsakiyar Yuli, da rana zafi bai cika kai 20 ba, da dare kuma ya sauko wajen 12 ko 13. Wannan a tudu ke nan. A saman jirgin da ke tafiya, iska na kaɗawa daga kan ruwa mai sanyi, sai ka ji kamar asubahin hunturu. Sannan ga ruwan sama. Ruwanmu na gida yana yin sallama kafin ya shigo: hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu, iska ta taso da ƙura, ka ji ƙamshin ƙasa, mata su kwashe shanya, 'yan kasuwa su ja tamfol, mai tafiya ya samu rumfar da zai fake. Ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, kowa ya kama gabansa. Na Norwe ba ya sallama. Kana tsaye cikin rana kana ɗaukar hoto, sai kawai ka ga gajimare ya gangaro daga kan dutse, yayyafi ya soma, ya tsaya, rana ta leƙo, ya dawo da ƙarfi, duk kafin shayin hannunka ya huce. Wani lokaci kuma ya wuni yana zuba siriri-siriri, iska tana kawo shi a karkace, ta gefe, har ta ƙasa.

Dalilin a fili yake in ka dubi taswira. Iska tana tasowa daga yamma, ta ratso Tekun Atlantika ɗauke da danshi, sai ta yi karo da katangar duwatsun da ke gaɓar Norwe. Dole ta haura sama, in ta haura ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko. Shi ya sa Bergen, wadda duwatsu suka yi wa ƙawanya, take samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da daminar Kano ke bayarwa, kuma ba a cikin wata huɗu ko biyar ba, shekara ce zagaye. Daga ƙarshen Oktoban 2006 zuwa Janairun 2007 an yi kwana 85 a jere ba a rasa ruwa a garin ba.

To mutanen da Allah Ya ajiye a irin wannan ƙasa, in suka ɗinka rigar ruwa ai sai a saurara musu. Wannan na cikin abin da ya ja ni ga rigar tun a kanti. Kamfanin ya samo asali ne a shekarar 1877 a garin Moss, a hannun wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Helly Juell Hansen da matarsa. Mutum ne da ya sha dukan ruwa a teku tun yana yaro, ya san abin da jiƙa ke yi wa matuƙi. Sai suka riƙa ɗinka riguna da wanduna da huluna na yadin lilin mai kauri, suna shafe su da man da ake matsa daga irin shukar lilin ɗin, ruwa ya daina ratsa su. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1878, aka ba su takardar yabo a babban baje kolin birnin Faris. Kafin su, tun 1823, wani ɗan Sikotlan mai suna Charles Macintosh ya ƙirƙiro dabarar manna narkakkiyar roba tsakanin yadi biyu. Amma irin waɗancan rigunan na da, nauyi gare su, kuma suna tare ruwan waje ne su riƙe gumin ciki, mutum ya tsira daga ruwan sama ya jiƙe da nasa. Wanda ya taɓa sa rigar ruwa ta roba ya hau babur a damina ya san zancen.

Nan ne rigata ta yi zarra. In ka ɗauke ta a hannu sai ka yi mamaki, shara-shara ce, ba ta fi nauyin 'yar shara ba. A cikinta akwai wani shafe siriri da kamfanin ke kira Helly Tech, wanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana samun hanyar fita. Na juya ta ciki waje na bi ɗinkin da yatsa: kowane layin ɗinki an bi shi da siririn tef an manne, saboda duk inda allura ta huda ƙofa ce ga ruwa, kuma ta nan rigunan banza ke fara yoyo, a kafaɗa da wuya. A nan babu ko huda ɗaya da aka bari a buɗe. Zif ɗin gaba yana da marfi a kansa. Bakin hannu yana da maɗauri, ka tsuke shi yadda ruwa ba zai gangara maka zuwa gwiwar hannu ba in ka ɗaga waya za ka ɗauki hoto. Hular kuwa, ita ce ta fi burge ni: ana tsuke ta daidai kai, in ka juya fuska ta juya tare da kai, iskar saman jirgi ta yi iya yinta ba ta cire ta ba ko sau ɗaya. Sannan akwai zif a ƙarƙashin kowace hamata. Da farko ban gane amfaninsu ba, sai da muka soma hawan tudu jiki ya ɗau zafi, na zuge su, iska ta shigo, ruwa kuwa bai shigo ba. Wanda ya yi tunanin wannan zif ɗin, Allah Ya ba shi basira.

Abin da na fi son kallo shi ne yadda ruwa ke yi a kanta. Ɗigon ba ya bajewa, sai ya dunƙule ya zama ƙananan duwatsun ado, ya yi ta rawa a kan hannun riga, ka girgiza hannu duk su zube. Na tsaya ina kallon wannan a bakin jirgi fiye da sau goma ban gaji ba.

Kuma in ba a bukatarta ba ta takura wa kowa. Ana naɗe ta a cusa cikin aljihunta, ta koma ɗan ƙunshi kamar ƙaramin burodi. A Stavanger, tasharmu ta farko, rana aka yi mai daɗi, muka yi yawo cikin tsohuwar unguwar nan mai fararen gidajen katako, rigar na can ƙasan jaka na ma manta da ita.

A Flåm ta fara nuna kanta. Garin yana can ƙuryar wani reshe na Sognefjord, mashigin teku mafi tsawo a ƙasar, wanda ya kutsa cikin tudu fiye da kilomita 200. Daga nan ake hawa jirgin ƙasan da ke haurawa Myrdal, tafiyar kilomita 20 kacal amma sai an kusa awa guda, saboda daga bakin teku ake ɗaga mutum sama da mita 860, ta cikin ramuka 20 da aka fafe a jikin dutse. A hanya jirgin yana tsayawa 'yan mintoci a matsirgar Kjosfossen, fasinjoji su sauka kan dandamali. A ranar ba ruwan sama ake yi ba, amma feshin matsirgar kaɗai ya isa. Ƙarar kamar tsawa, iska na kwaso ruwan tana watsa wa jama'a, waɗanda suka fito da rigar auduga suka ja da baya suna kare fuska. Ni kuwa na je har bakin shinge. Uwargida ta biyo ni tana dariyar murna, ta ce, "Maigida, da mun saurari kanmu mun ƙi sayen rigunan nan, da yanzu muna cikin tarago." Na ce, "Ai Baba ya gama mana komai."

Bayan waccan safiyar ta Geiranger, mota ta haura da mu Dalsnibba, tsauni mai tsawon kusan mita 1,500. Ga Yuli, ga ƙanƙara kwance a gefen hanya! A can na koyi wani amfanin rigar da ban saye ta dominsa ba: tana tare iska tsaf. Ita kanta ba rigar ɗumi ba ce, ba a yi ta don haka ba. Amma in ka sa suwaita a ciki ka ɗora ta a kai, ɗumin jikinka ya tsaya inda yake, iska ta wuce ta barka. Muka tsaya muna leƙen jirginmu can ƙasa, katafaren jirgi mai ɗaukar dubban mutane ya koma kamar ƙwayar shinkafa. UNESCO ta sanya wannan mashigi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, wanda ya gani da idonsa ba zai tambayi dalili ba.

Bergen ce ta yi mata babbar jarrabawa, don tun da muka sauka har muka dawo jirgi da yamma ruwa bai ɗauke ba. Muka bi ta Bryggen, jerin gidajen katakon nan masu launi-launi inda fataken Jamus suka yi ɗaruruwan shekaru suna cinikin busasshen kifi. Busasshen kifin Norwe ɗin nan kuwa har yau Nijeriya na cikin manyan masu sayensa, duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ya san shi. Muka shiga lungunan, katako ya jiƙe yana ƙamshi, indararo na zuba ta ko'ina. Daga nan muka hau Fløibanen, taragon da ake ja da igiya zuwa kan dutsen Fløyen tun 1918, mita 320 sama da gari. A can sama na ga abin da ya tsaya mini a rai. 'Yan yara ƙanana, ba su wuce shekara huɗu ko biyar ba, tare da malamansu, kowa cikin rigar ruwa da wandon ruwa da takalmin roba, suna tsalle cikin kududdufi suna shewa, babu mai kiran su su shigo ɗaki. Mutanen ƙasar suna da karin magana cewa babu mummunan yanayi, sai dai mummunar sutura. Na dubi yaran, na dubi hannun rigata da ruwa ke gangarewa a kai, na ji ni ma an ba ni izinin gari. Awa shida muka yi a waje. Kafaɗata ba ta ji sanyin ɗigo ɗaya ba.

Sai dai riga ita kaɗai ba ta yin aikin, dole a ba ta mataimaka, kuma wannan ma na koya. Babban abu shi ne auduga ba abokiyar wannan tafiya ba ce. Tana shan ruwa, tana shan gumi, ta manne a jiki ta ƙi bushewa. Wandon jins in ya jiƙe a Bergen, to sai an dawo Southampton. Shadda da atamfa ma a bar su don cikin jirgi. A jiki a fara sa riga mai laushi irin ta 'yan wasanni ko ta ulu, a bi ta da suwaita mara nauyi, sannan rigar ruwa a sama. In rana ta fito ka rage ɗaya, in gajimare ya sauko ka mayar. Saboda haka in za ka gwada rigar a kanti, ka gwada ta a kan suwaita, ka ɗaga hannu sama, ka sunkuya, ka tabbata ba ta matse ka ba. Mun kuma tafi da wandon ruwa na ɗorawa a kan wando, kuma a Bergen na gode wa Allah da shi, domin duk ruwan da riga ta tare, kan cinya yake gangarawa. Takalmi ya zama mai tare ruwa, mai riƙe ƙasa, saboda daɓen saman jirgi da duwatsun titin Bergen santsi gare su in sun jiƙe. Safar ulu ƙafa uku ko huɗu. Da 'yan ledoji masu zif don waya da fasfo da katin shiga jirgi, da wata leda babba ta saka jiƙaƙƙun kaya.

Lema kuwa, kada a dogara da ita. A cikin gari inda gine-gine ke tare iska tana iya taimakawa, amma a saman jirgi ba ta da wani ƙarfi, ga shi ta cinye maka hannu ɗaya alhali kana bukatar hannu na riƙe ƙarfe da na riƙe waya. Haka ledar nan ta rufa da ake sayarwa a wuraren yawon buɗe ido, iska na shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama.

Ga 'yan'uwana mata, abin da uwargida ta yi ya dace ƙwarai. Ta ɗauki girman da ya ɗara nata da mataki ɗaya don rigar ta sauko ta rufe sosai, ta sa ƙaramin hijabi mai saurin bushewa ta cusa shi ciki, hular rigar ta hau kansa daidai ba tare da ta tsuke mata wuya ba. Dogon siket kuma ta lura bakinsa na sharar ruwa, sai ta koma sa wando mai faɗi da riga mai tsawo a ranakun fita. Ta fita cikin sutura da mutunci, ta dawo a bushe. Ni ma hulata ta zanna ba ta taɓa ganin ruwa ba, na ajiye ta tare da babbar riga don daren da ake cin abinci cikin kwalliya, kuma a daren nan mutane da yawa sun tsayar da mu suna tambayar ɗinkin ina ne.

Da yamma in mun dawo, sai mu girgiza rigunan mu rataye a igiyar da ke cikin banɗakin ɗakinmu. Kafin mu yi alwala mu yi sallar magariba, wadda a can a Yuli sai wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya na dare take yi, sun bushe tsaf suna jiran gobe. Kulawarta ma ba wuya: a wanke ta da sabulun ruwa mara ƙarfi, kada a zuba mata maganin tausasa yadi, in an ga ɗigon ruwa ya daina dunƙulewa a kanta sai a ba ta ɗan ɗumi kaɗan a injin busar da kaya kamar yadda takardar wuyanta ta nuna, ko a fesa mata maganin da ake sayarwa don haka, ta dawo sabuwa.

Wani zai ce da tsada. Na yi lissafi, kuɗin rigata bai kai abin da muka biya mu biyu na motar Dalsnibba ba, yawon rabin yini. Mutum ya tara kuɗin shekara, ya nemi biza, ya ɗauki hutu, ya shiga jirgi ya ratsa Tekun Arewa, sannan a ce safiyar da ya zo dominta a bayan gilashi mai raɓa zai gan ta? Abin ya taɓa ni da na ga mutane a kantin cikin jirgi a rana ta huɗu suna neman abin rufa ko wane iri ne. Kabido bayan ruwa ke nan, Geiranger ta riga ta wuce.

Saboda haka kai da ke shirin irin wannan tafiya, Norwe ce ko wata ƙasar arewa mai irin wannan yanayi, ka ji daga bakin wanda ya gwada. Ka sayi rigar nan, kai da iyalinka, ka gwada ta a kan suwaita tun a kanti. Ranar tafiya kada ka saka ta a babban akwati, domin akwatin sai bayan wasu awoyi yake isowa ƙofar ɗakinka. Ka saka ta a jakar hannu, a sama-sama, inda hannunka zai same ta da zarar ka ji ɗigon farko. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.